Awon Barci

A Kiruna, a ɗakin girkina,
na ɗora barci a kan sikelin fulawa.

Buhun farko na gashin dinya ne,
giram ɗari takwas da ɗoriya,
sai ka ce gajimare aka kama aka ɗaure wa baki.
Mai shago ya rantse zai riƙe ni da ɗumi
ko da ruwa ya daskare a buta.
Sai da na matsa masa ya ƙara da cewa
in ya jiƙe ya tashi aiki,
ya koma kazar da ta faɗa rijiya.

Na biyun na yayana ne, Gunvald,
zaren roba, kore, da tabon wuta a ƙafa.
Kilo biyu ba kaɗan.
Allurar sikeli ta yi rawa, ta tsaya tana kallona.
Shi ruwa bai dame shi ba.
Har yau yana ƙanshin hayaƙi da kofi
da wani Satumba da aka yi ba da ni ba.

Kilomita ɗari huɗu da 'yan kai
daga Abisko zuwa Hemavan,
kuma gwiwar hagu ta ce a yi lissafin da ita.
Shekara talatin ina jan jirgin tama zuwa Narvik,
dubban tan a bayana, ban taɓa jin nauyi ba.
Yau kilo ɗaya ya hana ni runtsawa.

Ga kuma maganar ranar tashi.
A Yuni rana ba ta san faɗuwa ba,
za ta zauna bisa tanti har ƙarfe biyu kamar mai bin bashi,
ƙanƙara na narkewa, kowane rafi na jin kansa kogi.
Yuli na sauro ne, sun yi rajistar wata da sunansu.
In ka yi nawa har Satumba ta tsufa,
ka tarar an kife kwale-kwale a bakin tafki,
mai shi ya koma gida.

Na kai wa Ristin ƙara,
wadda ta bi garken barewar arewa tun tana goye.
Ta dubi kalandar da na cika da jan biro,
ta ce, kalanda ba ta taɓa kwana a waje ba.
Ka tashi saura mako guda
daren da sanyi zai kashe sauro.
Na ce, yaya zan ƙirga baya daga abin da bai zo ba?
Ta ɗaga kafaɗa, ta ƙara mini kofi.
Da zan fita ta ce,
kuma kana ta awon mayafi.
Ƙasa ce ɓarauniya, ta ƙarƙashi take sata.
Nemi shimfiɗa tukuna.

Daren nan na kwana a baranda,
maƙwabta na leƙe ta labule.
Rabin dare a cikin sabo, rabi a cikin tsoho,
siminti kuwa bai bambanta su ba,
ya tsotse ni ta kwatangwalo har asuba.

Na sayi katifar hurawa mai kauri.
Na rubuta sha tara ga Agusta, da fensir.
Buhun dinya ya shiga leda, leda ta shiga jaka.

Na naɗe na Gunvald zan mayar saman kwaba,
sai na tsaya,
na yanke igiyar bakinsa, ja, ta kusa tsinkewa,
na ɗaura a zip ɗin sabon.
Na ɗora a sikeli don kada in yi wa gwiwa ƙarya.
Allura ko motsi.