Matakala Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

A Manizales titi ɗaya ne ya samu wurin kwanciya,
shi ma a gadon bayan tudu, kamar igiyar shanya.
Sauran duk gangarawa suke,
ba mai waiwayen baya.

Jami'a na can sama.
Ɗakunan da ke jin hayaniyarta sun san darajar kansu.
Kwana uku ina karanta takardun da aka manna a tagogi,
ina raba kuɗin buhu tara na kofi
da babana Abelardo ya sayar
da watannin shekara.
Lissafi na fitowa da jan ido, ba ya jin kunya.

Dillali mai ƙyallin takalmi ya ce,
"Kawo mai tsaya miki, wanda ke da gida a garin nan."
Na ce wanda na sani a garin nan
direban da ya kawo ni ne,
shi ma ya juya tun shekaranjiya.

Sai na bi gangare.
Duk kwanar da na sha, farashi ya rage murya.
Layin farko, ɗaki da banɗaki da ruwan zafi.
Na uku, banɗakin na kowa ne.
A na bakwai kwalta ta ƙare, siminti ya kakkarye ya zama matakala.
Na yi ta ƙirgawa don kada gwiwa ta tsorata:
ɗari biyu da sha ɗaya.

Doña Herminia ta buɗe rabin ƙofa.
Ba ta nemi takarda ba. Ta duba tafin hannuna,
inda reshen kofi ya bar rubutunsa,
ta duba ƙwaurina kamar mai sayen alfadari.
"Tukunyar gas," ta ce, "sau ɗaya a wata, daga titi zuwa nan.
Kafaɗar Wilmar ke yi kafin ya tafi cin rani.
Ba baƙo bayan tara. Ba suyar kifi.
Kyanwa ta riga ki zuwa, kujerar taga tata ce.
In ƙasa ta motsa da dare kar ki yi ihu,
ta saba, za ta gaji ta tsaya."

Gado mai ƙorafi. Ƙusa uku a bango.
Tebur mai gajeriyar ƙafa, an tokare ta da littafin kimiyya
na wani da ya riga ni,
ya ja layi har shafi na arba'in, ya daina.
Ta ce daga tagar nan ana ganin dutse mai aman wuta
da hularsa ta ƙanƙara.
Na leƙa, gajimare ya leƙo ni.
Na ce a raina, ashe furfura ma ta iya ƙarya.

Na biya wata biyu. Ta ƙirga tana lasar yatsa,
ta miƙo makulli ɗaure da jan zare
da ruwan mazarƙwaila mai zafi, cuku na narkewa a ƙasansa.
Abin da aljihu ya tsira da shi
kullum safe numfashi ke ramawa.
Ina shiga aji da gumi, kowa na rawar ɗari.
Ragowar hayar ƙafa ke biya.

Rana ta ashirin da shida, kafin gari ya gama wayewa,
kyanwa ta taka mini fuska.
Sama ta wanke ido.
Ga shi can, fari fat, ɗan hayaƙi a ka kamar mai nazari,
kusa har na ja bargo na rufe kafaɗa.
Doña Herminia na bayana da tsintsiya
tana share tokar da ya aiko mana cikin dare.
"Kin gani? Ban sa shi a kuɗin ɗaki ba.
Gas ya ƙare."

Na ɗaure igiyar takalmi,
na fara daga ɗaya.