Ɗari Biyar a Arequipa

Ƙarfe ɗayan dare Don Eusebio ya kira ni,
murya na rawa kamar ya ga gobara:
"Maribel, shagona ya mutu."
Na buɗe kwamfuta, bargo a kafaɗa.
Allo fari fat, sai lamba tsirara, ɗari biyar,
mai gadin da ya ce ba shiga
ya kuma ƙi faɗin dalili.

Ɗari biyar ba ta da bakin magana.
Uwar garke ce ta yi tuntuɓe a ƙuryarta
ta turo ƙofa don kunya.
Babu laifin mai saye, babu na wayarsa,
ciwon ciki ne, sai an shiga.
Ga shi gobe ake buɗe cinikin rigunan sanyi,
gashin alfaka da matan Chivay suka kaɗa tun watan huɗu.

Na fara da waɗanda aka saba zargi.
Jakar ƙananan manhajoji na sauya wa suna,
suka kwanta gaba ɗaya. Ɗari biyar.
Na tuɓe wa shafin rigar ado,
na mayar masa da wadda aka haife shi da ita. Ɗari biyar.
Na bi izinin fayiloli,
bakwai-biyar-biyar, shida-huɗu-huɗu,
kowa yana kan layinsa.
Fayil ɗin nan mai ɗigo a goshi, mai nuna wa baƙi hanya,
na ture shi gefe zan rubuta sabo,
sabon ya ƙi ajiyuwa.

Nan jikina ya yi sanyi, kamar shayin da na manta.
Matambayi ba ya ɓata,
ni kuwa awa biyu ban tambayi kundin kurakurai ba.
Layinsa na ƙarshe ya yanke a tsakiyar kalma:
babu sauran wu

"Don Eusebio, me ka ɗora kafin sha biyu?"
Shiru. Wani kare yana haushi a unguwarsu.
"Hotunan saƙar Felícitas.
Ɗari huɗu da goma sha ɗaya.
Na ce wa mai hoto kada ya rage komai,
kowane zare nata ya fito."

Rumbu ya cika har baki,
ko allura ba ta da wurin kwana.
Na sauke su ɗaya bayan ɗaya zuwa nawa faifan:
ja, ruwan ƙasa, wani shuɗi da ban san sunansa ba,
a wani har da babban yatsanta a gefen masaƙa.
Na rage musu nauyi, na mayar da su,
na tashi manhajoji, kowacce da sunanta,
ina sabunta shafi bayan kowace guda.

Hasken asuba na taɓa kan dutsen Misti
shago ya buɗe ido.

"Ba ki goge ba ko?"
"Suna nan, manyan ma suna wurina.
Nawa zan sa musu kuɗi?"
"Ba na sayarwa ba ne, 'yata.
So nake kawai a gani."