Gwangwanin da Ba Kifi

A Matosinhos, inda teku ke tari da asuba,
shekara arba'in Ermelinda na jera sardin a gwangwani,
kai da wutsiya, wutsiya da kai,
man zaitun har baki.
Sunanta ne a kan murfin, da jan tawada.
Ni ce 'yarta, mai riƙon littafin kuɗi,
littafin da ya koma haske a kan tebur.

Da na kawo zancen atisaye sai ta yi dariya:
"Wane ɓarawo zai bar banki ya zo wa kifi?"
Na ce, "Mama, wannan ba ya zaɓe.
Ƙofa-ƙofa yake turawa cikin dare,
wadda ta buɗe ita ce rabonsa."

Wata Asabar mai yayyafi
na kashe komai da gangan.
Amílcar direba ya tsaya da mabuɗi a hannu,
bai san inda zai kai kaya ba.
Ashe ba mu da lambar kowa a ka.
Na buga sunaye ɗari uku da sha biyu a takarda,
na naɗe, na cusa a gwangwanin da ba kifi.
Faifan ajiya kuwa duk Juma'a
yakan tafi kwana a kicin ɗinta, bayan buhun wake.
Kalmar sirri ta daina zama sunan kyanwa.

Wata tara shiru. Har ta fara tsokanata.

Sai ga Talatar.
Wasiƙa ta zo da rigar mai sayar mana da gishiri,
da gaisuwarsa, da inda yake manta waƙafi.
Wani ya danna. Ba zan ce wane ba,
tun ranar atisaye muka yi alkawari
yatsa ba zai nuna yatsa ba.
Kafin kofi ya huce fuskokin na'urori sun yi baƙi,
magana ɗaya a kan kowacce:
kuɗin fansa, kwana uku.

Na bi wayoyi ina zarewa
kamar mai cire ƙaya daga tsoka.
Hannuna na rawa, amma ya san hanya.

Lauya ya iso, laimarsa na ɗiga a kan siminti.
"Hukuma dole a sanar da ita, doka ce.
Sauran kuwa, a taƙaita, a zaɓi kalma mai santsi."
Mama ta dube shi ta saman tabarau.
"Kifi in ya ruɓe murfi ba ya rufa masa asiri.
Gwangwanin kumbura yake."

Ta fasa wancan gwangwanin. Ta jawo kujera.

Kira ɗari uku da sha biyu, kwana biyu da rabi.
"Ermelinda ce. An shiga mana.
Adireshinka da lambarka suna hannun wasu.
In takarda ta zo da sunana
tana cewa mun sauya asusu,
kada ka biya. Kira ni."

Wasu sun yi shiru.
Wani a Braga ya zage ta, ta saurara har ya gaji.
Wani kanti a Lyon ya janye, har yau bai dawo ba,
kuma shi ne babba.
Wata tsohuwa a Viseu ta ce,
"Muryarki ta dishe, ki sha zuma,
ki turo mini katan biyu."

Ba mu biya fansa ba.
Faifan bayan wake ya dawo da mu gida,
ban da kwana huɗu
da muka tsinto daga rasitai masu ƙarni.

Yanzu ita ke kashe na'urori duk wata uku,
ba sanarwa, ta tsaya da agogo a hannu.
Wasiƙa kuma takan duba ta yadda take duba kifi:
ido tukuna, sannan ƙarƙashin kunne.
Jiya ta mayar da ɗaya teku.