Guringuntsi

A Wad Madani, a ɗakin ƙarshen baranda,
na fasa ƙwai tun ɗan tsako bai shirya ba,
na yanko guringuntsin ƙirjinsa,
fari, siriri, kamar yankan farce.

Faranti shida, ruwa ja-ja, ɗumi irin na hammata.
A uku na ɗiga abin da jiki ke sassaƙowa daga bitamin A.
Uku na bar su da halinsu.

Ɗigon nan ba ya sallama.
Katangar ƙwayar halitta yake ratsawa,
ya wuce tsakar gida, ya shige ƙuryar ɗaki
inda littafin gado yake naɗe.
Ya buɗe wani shafi, ya ce a karanta.
Ya kife wani, ya ce wannan ya isa haka.

Kwana biyar, na leƙa ta madubin awo.
Waɗanda suka sha ɗigo sun kumbura, sun manyanta,
suna tara alli a bakin ƙofa,
suna shirin mutuwa don ƙashi ya sami wurin zama.
Sauran ukun yara ne har yau,
suna kwance cikin taushinsu, ba su da labari.

Ran Alhamis na hau mota zuwa Mai Wurno.
Iya Tasalla na gindin darbejiya,
gwiwarta na kuka kamar tsohon ƙyaure.
Ta ce ƙafar kakanta ce, da ya tako tun daga Haɗeja,
shi ya yi tafiyar, ita ke biyan bashin.

Ta tura wa Sahabi gasasshiyar hanta:
Ci, kada dundumi ya kama ka da magariba.
Sannan ta jingina shi da dokin ƙofa,
ta ja layi da gawayi
yatsa biyu sama da na bara.

Na so in ce, Iya, tsakanin layin nan biyu
akwai ɗan taushi a bakin ƙashinsa,
kaɗan ke kora shi gaba,
in ya yi yawa ya rufe shi tun rana na tsaka.
Ban ce ba.

Ita ta tambaya: Har yanzu ƙwan mutane kike fasawa?
Na ce har yanzu.
Ta miƙo ƙafar. To, matsa mini nan.
Na sa hannu.
Ƙashi na gugar ƙashi,
Nilu na wucewa a bayan gida.