Maneti Ta Biyu

Wana Nomau ya zo da ita daga Abijan,
naɗe cikin bargo, ƙarƙashin sabulai da atamfar inna.
Kwana uku tana bisa mota, ba ta yi ko tari ba.
Yau shekara tara ke nan.
In ta ɗau zafi sai in ɗora ta kan bulo biyu,
in yi mata fifita da kwalin sukari.

Kun tambayi ra'ayina, to ku gyara zama.

Yaran Wadata sun ce ta tsufa,
wai sabuwa ta fito,
har zufar ɗan ƙwallo ana gani tana ɗiga.
Me ya haɗa ni da zufar wani?
Tawa ta ishe ni, ga ni a Tawa, tsakiyar bazara.
Kuɗinta kuɗin sa ne mai tozo a kasuwar Lahadi,
kuma sai ka yi ta ɗura mata intanet kamar ragon layya
kafin ta yarda ta amsa sallamarka.
Wannan saye ne, ko haya?

Wasan waya kuwa, ku riƙe abinku.
Mutum ya duƙe shi kaɗai kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
ya ci, ba wanda ya gani,
an ci shi, ba mai yi masa dariya.
Ni in na zura wa Arzika tela uku ba ko ɗaya,
so nake mai shayi ya ajiye buta ya tafa,
gobe in bi ta ƙofar shagonsa a hankali,
in ɗaga yatsu uku, ban ce uffan ba.

Na tseren mota yana ba ni dariya.
Ka daki bango sau goma, ka tashi ba ƙwarzane.
Ni da ke kabu-kabu na san gaskiya:
rami guda a hanyar Ƙwanni
ya cinye mini taya da cefanen sati.

Ba na son wasa mai lallashi,
mai zana maka kibiya a ƙasa, bi nan, juya can,
kamar an ɗauke ka baƙo a gidan ubanka.
A bar ni in ɓata.
A kayar da ni sau arba'in a bakin gada guda,
ranar da na haye, ni na haye.

Na harbi na daina.
Ramatu ce, tana aji biyu lokacin,
ta tsaya a bayana da kwanon fura,
ta ce, Baba, wancan da ya faɗi, wa zai je ya ɗauko shi?
Faifan yana nan, da shi muke rufe bakin tulu.

Wuta fa? Kada ku tayar mini da hawan jini.
Minti tamanin da tara, ina gaba da ɗaya,
ɗif!
Har yau Arzika rantsuwa yake da ya rama.

Amma abin da na fi ƙi, maneti marar igiya.
Tawa igiyarta kamu huɗu ce, ba ƙari,
dole abokin karawarka ya matso,
gwiwa ta taɓa gwiwa,
ka ji numfashinsa ya sauya kafin ya buga.

Ta biyun tana cikin bargon da ta zo.
Arziƙa da tasa yake zuwa, ya sani.
Maɓallinta na dama ya lotsa,
babban yatsan Nomau ne ya cinye shi.
Yanzu yana Sabha, yana ɗaukar siminti.
Ran salla ya kira, murya tana yankewa,
ya ce akwai dabarar da za mu kara daga nesa.
Na ce masa a'a.
Na ce igiyar ba ta kai Libiya ba,
ya zo.