Akwatina Ya Fi Ni Yawo

Janyo benci, Tasi'u, zauna,
tunda ka ce sai ka ji.
Kar ka tambayi tsaraba tukuna,
tana can ƙarshen zance.

Ran Talata na bar Ƙofar Wambai
da jar fatar akuya goma sha biyu,
wadda Malam Lawandi ya jeme da hannunsa
har bagaruwa ta rine masa farce.
Na ninke su kamar kayan lefe,
na zuge akwati, na tofe shi da addu'a.

An ce jirgi ƙarfe tara na safe.
Muka yi azahar a filin jirgi, muka yi la'asar,
wata Hajiya ta kwance ƙullin dambun nama
ta bi mu ɗaya ɗaya kamar 'ya'yanta.
Sai da dare ya raba aka kira mu,
ba sannu, ba bayani.

A Kasabalanka na tsaya gaban injin kaya
yana zagaye kamar akuya a turke.
Na kowa ya fito. Nawa shiru.
Wani mai gilashi ya daddanna kwamfuta,
ya ce, da Larabcin da ban taɓa gani a allo ba,
kayana sun wuce Dakar.
Dakar! Ni da ko a mafarki ban je ba.

Haka na shiga Fas, ɗan kasuwa ba haja,
riga ɗaya, hula ɗaya, caja a aljihu.
Taron masu fata ya cika maƙil,
kowa da teburinsa, ni da bakina.
Da na rasa abin nunawa
sai na tuɓe takalmi na ɗora,
ɗinkin Kano, shekara uku ina taka shi.
Wani tsoho, Sidi Larabi, ya ɗauka,
ya murza, ya shinshina, ya kece da dariya,
ya ce kakansa ya san wannan ƙamshin.
Ƙafa ɗaya cikin safa muka yi ciniki:
fata ɗari uku kafin azumi.

Washegari ba aiki, na ce bari in ga gari.
Lungunansu sun fi na Kurmi matsi,
sau uku na ɓata kafin azahar.
Jaki ya bangaje ni da tukwanen gas,
wani yaro ya karɓi kuɗina
ya nuna min hanyar da na fito.
A majemarsu aka miƙo min na'a-na'a
wai in toshe hanci.
Ni? Jikan majema?
Na shaƙi warin nan har kewar gida ta kama ni.
Da dare aka kawo romon dodon koɗi,
na ce na ƙoshi, Allah ya amfana.

Teku kuwa, sai ranar ƙarshe.
Na naɗe wando na shiga zuwa gwiwa,
ruwa na zare yashi daga ƙarƙashina.
Na tuna Tiga, na ce ashe kududdufi muke yabo.
Hoton da na ɗauka rabinsa yatsana ne.

Wajen dawowa jirgin ƙasa ya makara,
na sama bai jira ba.
Na kwana kan kujerar ƙarfe, hula ce matashi,
Zinatu na ta kira: ka taso? ka taso?
Katin waya ya ƙare a tsakiyar in sha Allah.

Jiya, kwana tara da dawowata,
aka ce in zo filin jirgi.
Ga mutumin naka, ya sha tambari:
Dakar, Abijan, Legas.
Tayarsa guda ta cire,
fatun kuwa lafiya lau, ko ƙwarzane babu.
Ya fi ni ganin duniya
kuma bai biya ko sisi ba.

Tsarabarka? Dabino ne, mai laushi,
na cinye shi daren kujerar nan,
ina ci ina tuna ka, wallahi.
Tashi mu je wajen Lawandi.
Fata ɗari uku ba ta jeme kanta,
ga shi Sha'aban ya kusa kamawa.