Jan Littafi

Ran Laraba, bayan an tashi yara,
ruwan Bristol na dukan tagar ɗakin malamai,
shayi ya huce a kofuna,
Odette Beckford ta shimfiɗa takarda guda a tebur.
Ba ta ɗaga murya ba, lissafi ta kawo:
yara arba'in aka tsare horo a zangon nan,
ashirin da tara baƙar fata ne,
alhali a makarantar ko rubu'i ba su kai ba.

Ashworth ya miƙe, fuska ja kamar gauta:
"Shekara talatin ina shaƙar ƙurar alli,
ni ba na ganin launi, yaro nake gani!"
Pemberton ta ce talauci ne, tarbiyyar gida ce.
Wani ya ce alƙaluma ma kan yi ƙarya
in an murɗe musu kunne.
Ni ma na tsoma baki, har da dafa ƙirji,
na ce zuciyata fes take kamar ƙwaryar nono.
Odette ta dube ni, duban da ba fushi a ciki:
"Philippa, ban tambayi zuciyarki ba.
Hannunki na tambaya. Me ya rubuta?"

Daren nan barci ya ƙaurace mini.
Na zaro jan littafina daga jaka,
inda nake ajiye laifin kowa da kwanan wata.
Rubutuna ne. Ba wanda ya riƙe mini alƙalami.

Sha huɗu ga Oktoba:
Callum ya katse ni ina bayanin dutse mai aman wuta.
Na rubuta: zumuɗin sani, yaro mai kaifin kai.
Sha shida ga wata:
Kemar ya katse ni, kan dutsen nan dai.
Na rubuta: tsaurin ido. A tsare shi awa guda.

Imogen ta kifa kai a tebur, na ce gajiya ce,
na aika a kawo mata ruwa.
Shanelle ta kifa nata, na ce taurin kai ne.
Sai daga baya na ji
ranar aka kwantar da kakarta a asibiti.

Kemar, shekararsa goma sha ɗaya,
ya ɗara ni tsawo da ɗan yatsa,
sai idona ya ɗora masa gemun da bai tsiro ba.
Na manta a ajina haƙorinsa na yarinta ya fita,
ya naɗe shi a takardar alewa,
yana nuna wa kowa giɓin yana dariya.

Ban taɓa zagin kowa ba. Wannan gaskiya ne.
Ban taɓa ƙin yaro don fatarsa ba, iya sanina.
To, ina iya sanin nawa ya tsaya?
Mai awo kan rantse da mudunta,
ba ta san gindinsa ya lotsa ba,
wanda ya kai hatsin gida shi ke ganin tuwo bai isa ba.
Laifi tudu ne, an ce.
Nawa na taka shekara tara ina hangen nesa.

Da safe Ashworth ya tare ni a matakala,
ya ce ƙazafi ne, kada in bari a sa ni kuka.
Mutumin kirki ne, shi ya biya wa Shanelle kuɗin balaguro.
Ban sami amsar da zan ba shi ba.
Har yanzu ban samu ba.

Na shiga aji, na tambayi sunan kogin da ya ratsa garinmu.
Hannaye suka tashi kamar tsiron masara.
Na Kemar na ƙarƙashin tebur.
Na ga leɓensa na motsi, ya san amsar,
amma idonsa na kan taga.

Na kira sunansa, a hankali, da murmushi.

Ya ɗago a firgice, ya gyara zama, ya ce:
"Malama, me na yi?"